Tajdidin Ƙarni na 19 a Kudancin Kano da Yadda Ya Kamata a Koyar da Shi

Yunƙurin gyaran al'umma mafi girma da ƙasar Hausa ta gani a farkon ƙarni na 19 shi ne tajdidin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jagoranta, wanda ya kai ga jihadi a 1804. A makarantu, daga ƙasar Gobir da Sakkwato akan koyar da shi: Degel, Gudu, Tabkin Kwatto, Alƙalawa. Ɗalibin da ke Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa yakan haddace waɗannan sunaye, ya ci jarrabawa, ya bar makaranta bai san cewa wani babban yanki na labarin a ƙasar da yake takawa ya faru ba. Alhali kuwa daga yamma da kudancin Kano ne jama'ar Shehu ta ƙasar Kano ta fara yunƙurowa, a kudu aka kashe sarki na ƙarshe na gidan Kutumbawa, kuma mutanen kudu ne suka fi ɗanɗana abin da ya biyo baya sa'ad da wasu malamai suka ce sabuwar gwamnati ta saɓa alkawari.

An haifi Shehu a Maratta a 1754, ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, wajen 1774, ya yi shekara talatin yana karantarwa kafin a zare takobi. Wannan shekara talatin ita ce ainihin tajdidin, ita ce kuma aka fi tsallakewa a aji saboda ba ta da ranakun yaƙi da za a tambaya a jarrabawa. A cikinta ne ya zagaya Zamfara da Kabi yana wa'azi da Hausa da Fulatanci, yana rubuta littattafai da Larabci, yana koya wa manoma da makiyaya alwala da salla da hukuncin ciniki da gado. Wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Biyu daga cikin biyar ɗin nan ba batun masallaci ba ne, batun kurkuku ne da aljihun talaka.

Littafin Kitabul Farƙi ya jero al'adun mulkin da masu tajdidi suke ƙyama, da sunayensu na Hausa. Akwai jangali da kuɗin gari da kuɗin salla. Akwai gaisuwa, wato abin da mai neman buƙata yake kai wa mai mulki kafin a saurare shi. Akwai tawasa, abin da ake ɗiba daga mahauta a kasuwa, da kamuwa, ƙwace dabbobin mutane don aikin sarki, da gargaɗi, tilasta wa mutum fita yaƙi ko ya fanshi kansa da dukiya. A Nurul Albabi kuma Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mai da wannan kira aiki ta hanyar ƙungiyar 'yan taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu daga wajenta su kai wa matan ƙauyuka. Ƙorafi na uku shi ne kama 'ya'yan Musulmi ana sayarwa bayi. Haraji, shari'a, ilmin mata da 'yancin mutum: waɗannan su ne ma'aunin da masu tajdidi suka kafa da hannunsu, da shi kuma ya dace a auna su.

Lokacin da waɗannan ra'ayoyi suka iso Kano, Muhammadu Alwali na gidan Kutumbawa ne a kan gadon sarauta, ya hau a 1781. Ƙasar Kano tana cike da almajiran Shehu da masu karanta takardunsa, kowace zuriya da jagoranta. Malam Jamo ne ke gaban Sulluɓawa, waɗanda suke da ƙarfi a yankin Ƙiru. Malam Bakatsine yana gaban Joɓawa, Malam Jibir yana gaban Yolawa, Malam Dabo yana gaban Dambazawa, Malam Ɗanzabuwa yana gaban Danejawa. Akwai kuma Malam Usman Bahaushe da jama'arsa, kuma kasancewarsa cikin jagororin ya isa ya sa a yi taka-tsantsan da bayanin nan mai sauƙi da ke cewa jihadi yaƙin Fulani ne da Haɓe. A ɓangaren Alwali ma akwai Fulani, har Ɗantunku da farko tare da shi yake kafin ya sauya sheƙa.

Bayan hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, jama'ar Kano ita ma ta yi tata hijirar zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni. Daga can aka fara gwabzawa, Ƙaraye ta faɗa hannunsu, garuruwa suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, wasu da yaƙi wasu da sulhu. Babban karo ya zo a Ɗanyaya, arewa da birni, inda aka karya rundunar Alwali duk da taimakon da ya samu daga Katsina da Daura. Alwali ya bar Kano ya nufi Zariya, bai sami mazauni a can ba, ya juyo ta Rano ya kafa sansani a Burumburum. A nan aka ci shi da yaƙi aka kashe shi, wajen 1807. Burumburum a yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Tudun Wada. Yaran da ke zuwa makaranta a garin suna wucewa ta wurin da aka rufe babin sarautar da ta yi ɗaruruwan shekaru, da yawansu kuwa ba a taɓa nuna musu ba.

A daidai wannan lokaci Kano ta yi wani baƙo da zuwansa ya fi kowane yaƙi bayyana halin da tajdidin ya shiga. Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu kuma ɗaya daga cikin manyan kwamandojinsa, ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya Makka, saboda ya ga son dukiya da mulki sun fara cin zukatan waɗanda suka fita don gyara. Da ya iso Kano, jama'a suka tsare shi da roƙo, ya zauna ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami domin ya zama jagora ga masu riƙe da mulki, daga baya ya koma gida. Ma'anar wannan ita ce tun ba a ci Alƙalawa ba, wadda ta faɗi a 1808, sukar tajdidi ta riga ta fito daga cikin gidan Shehu kansa. Malamin da ya ɓoye wa ɗalibansa wannan don gudun kada a ce ya taɓa martabar magabata ya rage musu wani abu da magabatan ba su ɓoye ba.

An naɗa Sulaimanu sarkin Kano na farko a sabon tsari, mutum mai gudun duniya, ya yi mulki har 1819. Ibrahim Dabo, ɗan'uwan Malam Jamo, ya gaje shi ya riƙe ƙasa har 1846. Dabo ya tarar da tawaye ta ko'ina, garuruwa sun ƙi bi, Ɗantunku ya ja daga a arewa har aka yanka masa Kazaure. Ya bi garuruwan da yaƙi har ya sami kirarin Cigari. Domin ya iya riƙe ƙasa, sai ya nemi iznin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya farfaɗo da sarautun da aka gada daga Haɓe, ya kuma dawo da manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama. Ƙasa ta zauna lafiya, amma fadar da ta fito daga wannan gyara ta yi kama da ta Alwali fiye da yadda masu hijira zuwa Kwazazzabo suka yi zato.

Amfanin zaman lafiyar ya bayyana a fili a Bebeji. Garin yana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya, wadda ke ɗaukar turkuɗi da kanwa da fatu zuwa kudu, ta dawo da goro daga Gwanja. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ratsa ta garin a 1826, shekara ashirin kacal bayan yaƙi, ya tarar da birni mai ganuwa, ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 20,000 da 25,000, mafi yawansu 'yan kasuwa, cikinsu har da waɗanda asalinsu daga Barno suke. Haɗe ƙasashen Hausa ƙarƙashin daula ɗaya ya rage yaƙe-yaƙen da Kano da Katsina da Gobir suka daɗe suna yi, ya buɗe wa masaƙa da marina kasuwa mai faɗi. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga Kano duk shekara da kuɗi wuri miliyan 300. Karatun allo da na zaure sun yaɗu, alƙalai sun yawaita a garuruwa, kuma Maguzawan da ke zaune a karkarar Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada sun ci gaba da nomansu a matsayin masu biyan jiziya, ba a tilasta musu barin addininsu gaba ɗaya ba, shi ya sa zuriyarsu ke nan har yau.

Amma Barth ɗin nan ya rubuta wani abu kuma. Ya ce kowane maigida a ƙasar Kano yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace rijiyar rini tana biyan 700. Harajin da aka yi wa'azi a kansa ya dawo, wani da sabon suna, wani da tsohonsa. A kan wannan ne tajdidi ya haifi 'yan tawayensa. Wajen 1846, a farkon mulkin Sarki Usman, wani malami a Tsakuwa mai suna Malam Hamza ya ƙi biyan kuɗin ƙasa, yana mai kafa hujja da cewa Musulmi zakka ce a kansa. Hujjar da ya kawo daga koyarwar Shehu take, ita ya juya wa magadan Shehu. Da ya ga za a kama shi, ya yi ƙaura da almajiransa zuwa duwatsun Ningi, ya shiga cikin Butawa da Warjawa da maƙwabtansu, waɗanda su ma suna da nasu ƙorafin kan masu kai musu hari. Daga wannan haɗuwa masarautar Ningi ta taso, a ƙarƙashin magadansa irin su Abubakar Ɗanmaje da Haruna Ƙarami da Usman Ɗanyaya, ta yi kusan shekara hamsin tana kai wa Kano da Zazzau da Bauchi hari.

Kudancin Kano ne ya ɗauki nauyin wannan rikici. Ƙasar da ta tashi daga Rano zuwa Tudun Wadan Ɗankadai, ta ratsa dajin Falgore har duwatsun Riruwai inda ake narka kuza, ta zama bakin daga. Da kaka ta yi, mahara su fito daga duwatsu su kwashi mutane da shanu, rundunar Kano ita ma ta shiga duwatsu ta kwaso nata. Mutane suka tattaru a garuruwa masu ganuwa da keffi, gonakin nesa suka koma daji. Ƙananan al'ummomin da ke zaune a tsaunukan Doguwa, irin su Kurama, sun kasance tsakanin wuta biyu. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau mulki a 1855, ya shafe wani babban yanki na zamaninsa yana fama da Ningawa. Duk wanda ke son ya fahimci dalilin da ya sa har yanzu wannan yanki ya fi sauran ƙasar Kano daji da ƙarancin jama'a, dole ya sa wannan tarihi cikin lissafi, ban da yanayin ƙasar kanta.

Batun bauta shi ne ya fi nauyi, kuma a nan ne kwatanci da wasu ƙasashe yake da amfani ga ɗalibi. A shekarun da ake jihadi a Kano, Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, Amurka ta hana shigo da su a 1808. A Amurka kuma wata farfaɗowar addinin Kirista ta haifi jerin ƙungiyoyin gyara: ƙungiyar yaƙi da shan giya a 1826, ƙungiyar yaƙi da bauta a 1833 wadda William Lloyd Garrison yake cikin jagororinta, aikin Horace Mann na kafa makarantun gwamnati a jihar Masacusets daga 1837, da taron 'yancin mata na Seneca Falls a 1848. Kamannin a bayyane suke. Duka biyun daga wa'azi suka taso, duka sun ɗauki gyaran zuciya da gyaran hukuma abu ɗaya, duka sun damu da ilmi da matsayin mata, kuma Nana Asma'u tana tura jajojinta ƙauyuka a zamanin da matan Amurka ke shirya taronsu. Bambancin ma a bayyane yake. 'Yan gyaran Amurka da ƙungiyoyi da jaridu da takardun koke suka yi aiki a cikin gwamnatin da suka tarar, ko da yake a ƙarshe sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 kafin a kawar da bauta. Masu tajdidi kuwa sun ture gwamnati sun zama su ne gwamnati, nauyin tara haraji da tsaron iyaka ya hau kansu. Sun yaƙi bautar da 'yantaccen Musulmi, ba su yaƙi bauta kanta ba, kuma a ƙarƙashin daular da suka kafa rinji da gandu sun yawaita, bayi suka zama ginshiƙin noma. Wannan gaskiya ce da ba ta da daɗin faɗi, amma ɓoye ta ba ya amfanar kowa, musamman a yankin da ake zaune tare da jikokin waɗanda aka kama da na waɗanda suka kama.

Ƙarshen wannan zamani ma ta Bebeji ya shigo. A ranar 1 ga Fabrairun 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland, a kan hanyarta daga Zariya, ta iso Bebeji ta tarar da ƙofa a rufe. Aka harba igwa aka fasa ƙofar, sarkin garin ya rasu a wurin. Ranar 3 ga wata Kano ta faɗi, Sarkin Kano Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Tun kafin haka Turawa sun ayyana cewa duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Haraji da jangali kuwa Turawa sun riƙe su, suka ma tsaurara karɓarsu ta hannun hakimai da dagatai. Da Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, daga rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi suka riƙa ɗebo hujja a kan zaluncin masu sarauta. Sai a 1979 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a jihar Kano, kusan shekara 190 bayan buƙatar da aka gabatar a Magami.

Yadda ake koyar da wannan tarihi shi ma ya sha sauyi. Littattafan zamanin mulkin mallaka sun fi nuna jihadi a matsayin cin ƙasa da wata ƙabila ta yi wa wata. Daga 1961, lokacin da H.F.C. Smith, wanda ya zama Abdullahi Smith, ya ja hankalin masana ga juyin juya halin Musulunci na ƙarni na 19, aka koma ga rubutun masu jihadin kansu. Littafin Murray Last kan daular Sakkwato ya fito a 1967, Yusufu Bala Usman da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello suka ƙara da duba tattalin arziki da zaman jama'a. Game da Kano akwai Taƙyidul Akhbari na Alƙali Muhammadu Zangi, wanda ya ba da labarin jihadin daga bakin ɓangaren da ya yi nasara, da Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda yake da Hausa kowane ɗalibi zai iya karantawa. Sai dai wannan ci gaba ya tsaya ne a jami'a. A ƙasa kuwa, an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a sauyin da aka yi a 2007, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa, aka yi shekaru fiye da goma yara suna tashi ba su san Alwali ba balle Malam Hamza. Gwamnatin tarayya ta dawo da darasin daga baya, amma malaman da aka horar a kansa sun yi ƙaranci, musamman a makarantun karkara.

Koyarwar da ta dace da wannan batu tana farawa ne da buƙatu biyar na Magami da jerin harajin da aka soka, a rubuta su a allo, sannan a bi tarihi ana tambaya a kan kowanne: an cika shi, an cika rabi, ko an saɓa. Ɗalibi zai ga cewa ilmi da shari'a da kasuwanci sun bunƙasa, haraji ya dawo, bauta ta ƙaru, kuma waɗanda suka fara faɗin haka malamai ne daga cikin jama'ar. Yana da kyau a ajiye masa labarin Zangi kusa da abin da Ningawa ke faɗi game da Malam Hamza, ya koyi tambayar wane ne ya rubuta, don wa, kuma me ya tsallake. Haka ake raba ɗalibi da hadda a kai shi ga nazari, ba tare da an rage wa Shehu da almajiransa ko ƙwayar zarra daga girman aikin da suka yi ba.

Kayan aikin kuwa suna kusa. Ragowar ganuwar Bebeji, da filin Burumburum, da tsofaffin ramukan kuza na Riruwai, da sunayen unguwanni da ƙauyukan da suka samo asali daga rinji ko keffi, duk darussa ne da ba sa buƙatar kuɗin mota mai yawa. A gidajen sarauta da na limamai akwai jerin sunayen magabata da tsofaffin takardun ajami, a ƙauyuka kuma akwai dattawan da suka ji labarin harin Ningawa da shigowar Turawa daga bakin kakanninsu. Waɗannan dattawa suna ƙarewa. Ya kamata malaman tarihi a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su tura ɗalibansu wajensu da littafi da alƙalami, ko da wayar ɗaukar murya, a rubuta abin da suka sani a ajiye a makarantu tun suna da rai.